Kafin mu roƙi attajiri ya sayi ƙungiyarmu

Babu wanda ya kai mai kallon ƙwallo iya kashe kuɗin da ba nasa ba. Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai ya san haka. Yaron da ya wuni yana sauke kwandunan tumatir a Mile 12, ko kuɗin da zai aika gida bai gama haɗawa ba, shi ne zai daki tebur ya ce fam miliyan 80 ai ba kuɗi ba ne in dai ɗan wasan yana zura ƙwallo, maƙo ne kawai ke damun masu ƙungiyar. Ɗan canjin da ke gefensa, wanda ya san abin da kuɗin za su zama in an juya su naira, shi ma sai ya gyaɗa kai ya ce wallahi gaskiya ne. Ba raina su nake yi ba. Cikinsu nake, tun zamanin Kanu nake bayan Arsenal, kuma an ce dokin mai baki ya fi gudu, to nawa ma ba a baya yake ba.

Abin da ya canja shi ne abin da muke musu a kai. A da, gardamar gidan kallo ba ta wuce Henry ko Drogba, daga baya Messi ko Ronaldo. Yanzu yaron da bai san sunan ɗan majalisar mazaɓarsu ba zai jero maka masu ƙungiyoyi, Glazer na Man U da Kroenke na Arsenal da Boehly na Chelsea da Shaikh Mansour na Man City, ya faɗa maka wanda ya saki hannu da wanda ya damƙe. Ma'aunin kuwa ɗaya ne tal: mai ƙungiya nagari shi ne mai zuba kuɗi, mugu shi ne mai riƙewa. A ganina wannan ma'auni ne ya cuce mu, a ƙwallon Turai da muke kallo da kuma ƙwallon gida da muka daina kallo. Ba mu cika tambayar kuɗin na wane ne ba, balle abin da zai rage ran da mai su ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Bari mu fara kawar da maganar tarihi, domin da ita muka fi yi wa juna gori. Ɗan Arsenal ko Liverpool zai kalli ɗan Manchester City ya ce, "Ku ai ba ku da tarihi, kuɗin mai ne ya yi ku." To a Ikko wa ya gaji ƙungiyar Ingila wurin kakansa? Mu da muka bi Arsenal, Kanu muka bi da ya je a 1999, musamman bayan ranar da ya zura wa Chelsea uku shi kaɗai a Stamford Bridge, sannan kakar 2004 da ba a ci su ko sau ɗaya ba ta ƙara ɗaure mu. Celestine Babayaro ɗan Kaduna yana Chelsea tun 1997, amma rigar shuɗi ba ta cika titunan Legas ba sai da Roman Abramovich ya sayi ƙungiyar a 2003, Mourinho ya zo, aka ɗaga kofi a 2005 da 2006, ga Drogba ga Essien, sannan Mikel ya shigo. 'Yan Man U Ferguson suka bi. Kowannenmu wanda ke ci ya zaɓa a lokacin da idonsa ya buɗe. Yaron da ya fara kallo ranar da Aguero ya ci wa City gasar 2012 a daƙiƙar ƙarshe, abin da muka yi shi ma ya yi. City ɗin ma da ake cewa ba ta da tarihi ta ci kofin FA tun 1904, ta ci gasar Ingila a 1937 da 1968. Ba nan matsalarta take ba.

In ana son ganin inda ma'auninmu ya ɓata, a dubi Manchester United. Shekara da shekaru 'yan Man U na Obalende da Alaba Rago suna kukan cewa Glazer ba sa sayen 'yan wasa. Amma ai sun saya. Pogba fam miliyan 89 a 2016, Maguire fam miliyan 80 a 2019, Antony sama da fam miliyan 80 a 2022. Tun bayan ritayar Ferguson a 2013 an kashe fiye da fam biliyan ɗaya a kasuwa. Laifin iyalan Glazer ba rowa ba ne, ya fi rowa muni. A 2005 suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, kuma yawancin kuɗin bashi suka ciwo. Da cinikin ya faɗa sai suka ɗora bashin, sama da fam miliyan 500, a wuyan ƙungiyar da kafin zuwansu babu mai binta. Wato United ce ta biya kuɗin sayen kanta. Duk shekara ana cire kuɗin ruwa daga abin da ta samu na tikiti da talabijin da tallace-tallace, daga baya kuma masu ita suka riƙa raba riba. Masu bin diddigin asusunta sun ƙiyasta cewa abin da ya fita ta waɗannan hanyoyi ya haura fam biliyan ɗaya. Su 'yan wasan da aka saya, da kuɗin ƙungiyar aka saye su, ba daga aljihun wani Ba'amurke ba. A watan Mayun 2024, ranar da Arsenal ta je Old Trafford, duniya ta ga ruwan sama yana kwarara daga rufin filin.

Mutanen Manchester sun gane wannan tun ranar farko. Wasunsu suka yi fushi suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester, a 2005 ɗin. A 2010 suka riƙa zuwa fili da gyale kore da rawaya, launin ƙungiyar na asali, don nuna ƙin jinin masu ita. Mu kuwa a nan, da an sayi sabon ɗan gaba sai mu yi shiru har zuwa Disamba.

Da aka sa United a kasuwa, Shaikh Jassim na Qatar ya taya a 2023, na ji addu'o'i a gidajen kallo waɗanda ban ji an yi wa zaɓen gwamna ba. Dalili biyu ake bayarwa. Na farko yana da kuɗin da ba su ƙarewa. Na biyu, wanda akan faɗa da murya ƙasa-ƙasa, Balarabe ne kuma Musulmi, namu ne. Da ya janye a Oktoban shekarar, Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu ya fara sallamar ɗaruruwan ma'aikata, sai aka ce ai ga shi nan, an ƙi mai albarka an ɗauko matsolo. Ni dai ban yarda cewa haɗa alƙibla da mutum ya isa dalilin ƙin duba littafinsa ba. Ko a kasuwar Mile 12 ba ma ba mutum kaya bashi don kawai mun gan shi a sahun gaba.

Sannan in ƙasa ce ta sayi ƙungiya, ba ƙwallo kaɗai ta saya ba. Abu Dhabi ta shiga City a 2008, Qatar ta shiga PSG a 2011, asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle a Oktoban 2021 a kan kusan fam miliyan 300. Ƙungiyar Amnesty ta soki cinikin Newcastle, ta kawo batun haƙƙin ɗan Adam da kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a 2018. Suna ake saya, da shiga zukatan mutane irinmu. In za a yi adalci kuwa, mutanen Newcastle sun yi shekara 14 a hannun Mike Ashley, sun faɗi daga Firimiya sau biyu, a 2009 da 2016, don haka da suka ɗaga kofi a Wembley a 2025 bayan shekara 70 babu na cikin gida, ban ga laifinsu ba da suka yi kuka. Masu City ma sun gina makarantar horar da yara da filayen atisaye na gani na faɗa a gabashin Manchester. Sai dai a Fabrairun 2023 hukumar Firimiya ta tuhumi ƙungiyar da karya dokokin kuɗi sama da sau 100, ita kuma ta musanta. 'Yan Everton da Nottingham Forest, waɗanda aka zaftare wa maki a kakar 2023 zuwa 2024 a kan laifin kuɗi, suna da dalilin tambayar ko dokar ɗaya ce ga kowa.

Abramovich ne waliyin gidajen kallo. Har gobe in ka taɓa shi a gaban ɗan Chelsea sai ya miƙe tsaye. Kofin Zakarun Turai biyu, 2012 da 2021, ba wasa ba ne. Amma a tuna yadda abin ya ƙare. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi, dare ɗaya zakarun Turai suka wayi gari ba su da ikon sayar da sabon tikiti, an rufe shagon riguna, ba saye ba sayarwa. Yaƙin da ba su san hawa ba balle sauka ya kusa cinye su. Bashin da yake bin ƙungiyar ya kai kusan fam biliyan ɗaya da rabi, ya ce ya yafe. Da bai yafe ba fa? Chelsea ta tsira ne saboda tana Landan, tana da suna, masu saye suna layi, har Todd Boehly da abokansa suka biya fam biliyan biyu da rabi.

Portsmouth ba ta yi wannan sa'ar ba, kuma mu ya kamata mu fi kowa tuna ta, tunda Kanu ne ya ci mata ƙwallon da ta ɗaga kofin FA a 2008, ga John Utaka a gefensa. Da kuɗin mai ita aka tara waɗannan 'yan wasa, albashin ya fi ƙarfin abin da ƙungiyar ke samu. Da hannun ya janye sai ta yi ta wucewa daga wannan mai saye zuwa wancan, ta karye a 2010, ta yi ta gangarawa har rukuni na huɗu a 2013. Waɗanda suka tsamo ta su ne magoya bayanta na garin, da suka haɗa kuɗi suka saye ta. Waɗanda suka yi mata tafi a Legas saboda Kanu tuni sun koma inda suka fito.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi yi mini ciwo. A Afrilun 2021, cikin azumi, manyan ƙungiyoyi 12, shida daga Ingila, uku daga Sifaniya, uku daga Italiya, suka sanar da gasar Super League wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba ko da ana lallasa su kullum. Cikin kwana biyu shirin ya ruguje a Ingila. Waɗanda suka rusa shi su ne masu zuwa fili da ƙafarsu. 'Yan Chelsea suka tare hanya a ƙofar Stamford Bridge har sai da Petr Cech, tsohon golan ƙungiyar, ya fito yana ba su haƙuri. Makonni biyu bayan haka 'yan United suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasansu da Liverpool. A nan kuwa, hirar bayan asham daban take. Da yawa cewa suke, "To mene ne laifin? Madrid da Man U duk mako ai ya fi a zauna ana kallon Burnley." Ba su yi ƙarya ba a kan abin da ransu ke so, kuma domin irinsu aka tsara gasar: mai kallo daga nesa, wanda bai san hanyar filin ba, ba zai tare titi ba, iyakarsa ya biya ya kalla.

Muna kuwa biya. Mai gidan kallo yana biyan DStv da ake ƙara wa kuɗi a kai a kai, yana sayen man janareta, yana karɓa daga hannunmu a bakin ƙofa. Daga irin waɗannan kuɗi na Legas da Nairobi da Jakarta, haɗe da na Amurka da sauran ƙasashe, haƙƙin nuna Firimiya a ƙasashen waje ya zarce na cikin Birtaniya a yarjejeniyar da ta fara a 2022. Amma ko da duk 'yan Arsenal na Agege za su yi zanga-zanga daga Pen Cinema har Oshodi, Stan Kroenke ba zai ji labari ba. Birtaniya ta kafa doka a 2025 ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu sayen ƙungiyoyi, domin kare garuruwan da ƙungiyoyin suke. Mu ba ma cikin lissafin, kuma ban ga dalilin da za su sa mu ba.

Ita adawa kuwa ba na cikin masu cewa a daina. Gabar Barcelona da Real Madrid tana da tushe a siyasar Kataloniya. Ta Liverpool da Manchester ta garuruwa biyu ce masu kishin juna tun zamanin masaƙu da tashar jiragen ruwa. Tottenham ba ta yafe wa Arsenal ƙaurowa unguwarta daga kudancin Landan a 1913 ba. Ko ɗaya babu ruwanmu a ciki. Tamu adawar irin wasan Bakano da Bazazzagi ce, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe: a yi maka tsiya ka shanye, gobe ka rama, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A garin da aka ga rikicin Mile 12 na 2016, duk abin da zai zaunar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo a benci ɗaya, su rungume juna don an ci ƙwallo, ba abin rainawa ba ne. Na san maigadin da maigidansa bai taɓa tsayawa sun yi hira ba sai ran da ya gan shi da rigar Chelsea. Tun daga nan duk safiyar Litinin sai ya sauke gilashi ya ce, "Malam, ka ga abin da yaranmu suka yi jiya?"

Amma wasa yana da iyaka, kuma mun sha tsallake ta. A Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke United a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani direba a jihar Ribas ya afka wa masu murna da mota, mutum huɗu suka mutu a kan wasan da aka buga a birnin Rum. Yanzu kuma caca ta shigo ta sauya fuskar gidan kallo. Wanda ya sa kuɗin cefanensa ba ya jin wasa. Za ka ga ɗan Arsenal yana addu'ar Tottenham ta ci saboda tana cikin tikitinsa, in wasa ɗaya ya kashe masa tikitin kuma duk wanda ya yi dariya abokin gaba ne. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 su cire tallan caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. Mu shagon cacar yana jikin gidan kallon, wani wurin ma ƙofa ɗaya ce. Gorin ma ya sauya. A da cewa ake mun fi ku iya taka leda. Yanzu cewa ake maigidanmu ya fi naku kuɗi, kuma mai faɗar hakan bai biya kuɗin shayinsa ba.

Duk wannan zai iya zama hirar banza da ba don irin tunanin ne ya kashe mana ƙwallon gida ba. Dattawan Legas suna ba da labarin Stationery Stores, wadda Israel Adebajo ya kafa a 1958, yadda in za ta buga sai gari ya tsaya. Ta ci gasar ƙasa a 1992, rigimar magada ta durƙusar da ita. Abiola Babes ta MKO Abiola da Leventis United ta Ibadan sun yi tashe a shekarun 1980, masu su suka janye kafin shekarun su ƙare, shi ke nan. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Cup Winners' Cup na ƙungiyoyin Afirka a 1988, yau sai ka yi wa yaro bayani kafin ya san da ita. Julius Berger ta ci gasa a 1991 da 2000, kamfanin ya cire hannu, ta ɓace daga sama. MFM ta coci, wadda filin Agege ne gidanta, a tsakiyar unguwarmu, ta zo ta biyu a 2017, ta faɗi a 2022, har aka yi kaka guda birnin da ya fi kowane yawan jama'a a Najeriya ba shi da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasa. Labarin iri ɗaya ne: mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya riƙe, jama'a suka yi tafi, ya gaji ko ya mutu, jama'a suka watse.

Namu na Arewa kusan duk na gwamnati ne, wato mai ƙungiyar yana sauyawa duk zaɓe. Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Plateau United, Niger Tornadoes, duk gwamna ne ke naɗa shugabanni ya kuma rushe su. In yana son ƙwallo a ga haske, in ba ya so 'yan wasa su yi watanni suna bin albashi. Enyimba ta ci kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 saboda gwamnan Abiya na lokacin, Orji Uzor Kalu, ya sa abin a ransa, kuma tun daga nan babu ƙungiyar Najeriya da ta sake. Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci gasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta kai dab da ƙarshe a Afirka a 2009, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014. Babu ƙungiyar da ta kai ta cika fili a ƙasar nan. Amma dubban da ke cika filin Sani Abacha suna "Sai Masu Gida" ba su da hurumin tambayar nawa aka samu a ƙofa, nawa aka sayar da ɗan wasa, wa ya karɓa. Ba ina wanke waɗanda suka farfasa motar Katsina United a 2022 ba ne, abin kunya ne, ya jawo tara da zaftare maki uku, kuma a kakar ne Pillars ta faɗi. Sai dai mutumin da ba shi da kujera a taro, bakinsa da hannunsa kaɗai suka rage masa.

Mu 'yan Legas ma kada mu ɗora wa na gida laifi. A nan Onikan El-Kanemi ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗaga kofin ƙalubale a Yunin 2024. Daga Obalende da ƙafa ma ana zuwa. Mu nawa muka je?

Shekaru ana yi mana daɗin baki da batun Alhaji Aliko Dangote zai sayi Arsenal. Shi da kansa ya sha faɗa, kuma ba ƙaramin alfahari muka yi da zancen ba, ɗan Kano zai mallaki Emirates. A 2024 ya gaya wa Bloomberg cewa lokacin ya wuce, kuɗin sun tafi matatar mai ta Lekki, farashin ƙungiyar kuma ya yi sama. Wasu 'yan uwana 'yan Arsenal har yau suna jin haushi. Ni ban ji ba. Matata tana ɗaukar ma'aikata a nan, Arsenal kuwa ko ya saya tikitinta ba zai zo Agege ba. Wasu kuma suka ce to ya sayi Pillars mana, ko Alhaji Abdussamad ya saya. Nan ma na rabu da su, domin Abiola Babes za a sake yi da sabon suna.

Za a ce mini ga Remo Stars. Gaskiya ne, ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina. Kunle Soname ya gina fili a Ikenne, ya kafa makarantar yara, yana da ƙungiyar mata, kuma a 2025 ya ɗaga kofin gasar ƙasa a gaban ƙungiyoyin gwamnoni. Shola Akinlade na Paystack ya kafa Sporting Lagos a 2022 ya nuna cewa ana iya kai iyali kallon ƙwallo a Legas a dawo lafiya, ko da yake ƙungiyar ta hau a 2023 ta sauko a 2024. Ba na ƙin mai kuɗi ya shigo, ƙwallo ba ta yiwuwa da addu'a kaɗai. Amma Soname shi ne mai kamfanin caca na Bet9ja, don haka wani ɓangare na abin da ya gina Ikenne daga aljihun yaran gidan kallo ya fito. Kuma Adebajo ma a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya riƙe ƙungiya.

Abin da nake so shi ne mai kuɗi ya shigo amma kada ya zama shi kaɗai ne. A Jamus doka ce, mambobin ƙungiya su ke da rinjayen ƙuri'a, in ban da 'yan kaɗan irin Leverkusen da Wolfsburg da kamfanoni suka raina tun asali. In an ce Jamus ta yi nisa, ga Al Ahly ta Masar, mambobi ne ke zaɓen shugabanta. Ga Simba ta Tanzaniya, inda aka tsara attajiri Mohammed Dewji ya riƙe kashi 49, mambobi su riƙe 51. Simba ta kai wasan ƙarshe na kofin Confederation na ƙungiyoyin Afirka a 2025, abokiyar hamayyarta Yanga ta kai a 2023 bayan ta fitar da Rivers United. Tanzaniya ba ta fi mu kuɗi ba, ba ta fi mu 'yan wasa ba.

Na san tsarin mambobi ba tsarkakakke ba ne. Barcelona ta mambobi ce, kuma su suka zaɓi shugabannin da suka kai ta bashin sama da Yuro biliyan ɗaya har ta kasa riƙe Messi a 2021, saboda su ma mai alkawarin sayen taurari suke zaɓa. Magoya bayan Portsmouth da kansu suka sayar wa wani Ba'amurke a 2017 da suka ga gyaran fili ya fi ƙarfinsu, amma su suka kaɗa ƙuri'ar, kuma sun gindaya sharuɗɗa a kan suna da launi. A Kano kuwa ba sai an faɗa ba, ranar zaɓen farko za a ga jar hula da wadda ba ja ba, za a sayi katin mambobi a raba wa yara. Duk na yarda. Ko da haka, taron da za a karanta asusu sau ɗaya a shekara a gaban mutum dubu, a yi ihu a yi faɗa, ya fi takardar da ake sa wa hannu a gidan gwamnati ba wanda ya gani.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane ɓangare na kasuwar Mile 12 yana da ƙungiya da shugaba da ma'aji. 'Yan kowane gari a Legas suna da asusun da ake karɓa duk wata, in ɗan uwa ya kwanta asibiti ko an kama shi da shi ake fito da shi, kuma ma'ajin da ya taɓa kuɗin ya san abin da zai biyo baya. Mutanen da suka iya wannan ba za a ce ba su iya riƙe ƙungiyar ƙwallo ba. Gwamnatin Kano za ta iya riƙe filin wasa ta ba da haya, ta buɗe rajistar mambobi da kuɗin shekara wanda ɗan dako zai iya biya ta waya, ta keɓe musu kashi 51, sauran a sayar wa masu hali, a rubuta cewa ba mai ɗauke ƙungiyar daga Kano ko sauya mata suna. Kanawan Agege da na Fatakwal da na Abuja duk su shiga, tunda ƙuri'a ba sai mutum yana Ƙofar Mata ba. Ahmed Musa, wanda ya ga yadda ake yi a Rasha da Ingila da Saudiyya ya kuma dawo ya sa rigar Pillars, yana cikin waɗanda in suka yi wannan magana za a saurara. Ni ɗan Arsenal ne, amma in aka buɗe rajistar zan yanki kati, kuma abin da zan fara nema a taron farko shi ne a karanto sunayen 'yan wasan da ke bin bashin albashi, da watannin da kowannensu ke bi.